Yadda Ake Tayar da Motar da Ba Ta da Ta Biyu: Misalin Isdera Commendatore 112i

Motar gwaji da ƙaramin maƙeri ya ƙera guda ɗaya tak ba ta zuwa da littafin gyara, babu shagon da ke ajiye kayanta, kuma sau da yawa wanda ya haɗa ta ya tsufa ko kamfaninsa ya rufe. Duk wanda aka damƙa wa irin wannan mota, ko bakanike ne ko mai kula da gidan adana motoci, zai tarar aikin yana da tsari nasa daban. Za mu bi tsarin nan da misali ɗaya na gaske, Isdera Commendatore 112i, wadda injiniya Eberhard Schulz ya ƙera a Jamus, aka nuna ta a baje kolin motoci na Frankfurt a 1993. Kamfaninsa mai suna Isdera ya faɗa cikin matsalar kuɗi jim kaɗan bayan haka, sai motar ta zauna ita kaɗai. A Fabrairun 2021 kamfanin gwanjo na RM Sotheby's ya yi gwanjonta a Faris a kan sama da Yuro miliyan 1.1, alhali ba ta kai kilomita 10,500 da tafiya ba.

Kafin a taɓa noti ko ɗaya: raba kayan aro da kayan da ba su da madadi

Ƙaramin maƙeri ba ya da kuɗin zana inji ko giya tun daga tushe. Aro yake yi daga manyan kamfanoni, ya ƙera sauran da hannu. Wannan ne mabuɗin aikin gaba ɗaya. A jikin Commendatore, injin na Mercedes-Benz ne, M120 mai silinda 12 da lita 6.0, wanda ya fara fitowa a 1991 cikin 600 SEL. Giyabos ya fito daga RUF, kamfanin Jamus mai gyara da ƙera motoci bisa tsarin Porsche, tushensa na Porsche, aka gyara shi ya zama mai giya shida. Kayan ƙafa sun samo asali daga Porsche 928, fitilun gaba kuma na Porsche 968 ne. Waɗannan duka ana iya samun makamantansu. Amma Mercedes ba ta taɓa sayar da M120 da giyar hannu ba, don haka filawil ɗin da ke haɗa injin da kuloci sai da aka ƙera shi musamman. Haka shasin bututun ƙarfe, bodin faiba, ƙofofin da ke buɗewa sama, murafun inji biyu da su ma sama suke ɗagawa, da wani madubi na kan rufi da direba ke leƙa baya ta cikinsa. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya lalace, babu inda za a aika a sayo.

Saboda haka aikin makon farko na takarda ne da kyamara. A buɗe rajista mai rukuni uku: abin da aka aro ba a taɓa shi ba, abin da aka aro aka gyara, da abin da aka ƙera don motar kaɗai. A bi kowane ɓangare da tocila ana karanta lambobin da aka buga a jikinsa. Kayan Mercedes suna ɗauke da lamba goma, kuma ukun farko sukan nuna daga wace mota ko wane inji suka fito, misali 120 ko 140. Kayan Porsche su ma sukan fara da lambar samfurin, kamar 928. Bosch na da nata lambobin a jikin nozul, kwayil da na'urorin auna iska. A ɗauki hoton kowace lamba tare da inda take zaune.

Rukuni na biyu shi ne mai cin mutane. Bakanike ya ga lambar Porsche a jikin hannun ƙafa, ya sayo sabo, ya jefar da tsohon, sai daga baya a gane maƙerin ya rage tsawonsa ko ya canja wurin rami. Kada a jefar da komai. Ko tsohon tiyo ne, a sa shi a leda, a rubuta ranar da aka cire shi da inda ya fito, domin shi ne ma'aunin da za a yi sabo da shi.

Takardu da tarihin sauye-sauye

Lambar shasi mai haruffa 17 tana da alama ta musamman ga ƙananan maƙera: harafi na uku yakan zama 9, kuma a Jamus irin waɗannan lambobi suna farawa da W09, sannan haruffa na 12 zuwa na 14 su nuna wane maƙeri ne. A gwada lambar da ke jikin ƙarfe da ta takarda harafi bayan harafi. A nemi takardar binciken da hukuma ta yi wa motar ita kaɗai kafin ta hau titi, domin a ciki ake samun girman taya da nauyin da aka amince da su, abin da ba za a samu a wani littafi ba.

Sai tambayar da ya kamata mai mota ya amsa a rubuce: wace shekara za a mayar da ita? Motocin gwaji suna sauya kama a hannun masu su. Bayan da wasu masu zuba jari daga Suwizalan suka shigo, an sake nuna Commendatore a Frankfurt a 1999 da sunan Silver Arrow C112i, an cire madubin rufi an sa na gefe, an kuma canja wilin kamfanin BBS da wasu. Da Isdera ta sake mallakar motar a 2016, sai aka mayar da ita kamanninta na 1993. A ganinmu wannan ne daidai, amma ko wace shawara aka yanke, kayan da aka cire su bi motar duk inda ta je. Yarjejeniyar Turin ta FIVA, ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, ta tsaya a kan haka: duk canjin da aka yi a rubuta shi, kuma ya zama wanda za a iya warwarewa.

Ɗaga ta da duba shasi

Mota da yawa a wurin ɗagawa suka fara lalacewa. Ƙasan irin wannan mota a rufe yake da faranti, kuma abin da ke kama da ƙarfe mai ƙarfi yana iya zama faiba mai kaurin milimita uku ko huɗu. A kwanta a ƙasa a gano mahaɗar bututu, inda bututu uku ko fiye suka haɗu, nan ne kawai jak zai taɓa, da roba mai kauri a tsakani. A sa alama da fenti mai haske a wuraren huɗu don na baya. Motar da injinta ke tsakiya nauyinta ya fi yawa a baya. Idan aka cire tayoyin gaba tana kan na'urar ɗagawa mai ƙafa biyu, tana iya rinjaya. A rufe ƙofofi da murafun inji kafin a ɗaga, kuma kada a buɗe su tana sama, domin shasi yakan ɗan murɗe, ƙofa ta ƙi komawa, wani ya tura da ƙarfi, gilashi ya tsage.

Bututun ƙarfe daga ciki yake tsatsa. Fenti na iya yin kyau a waje alhali kaurin bango ya ragu da rabi. A sa ƙaramar kyamara mai waya ta kowane rami da ke akwai, a kuma auna kauri da na'urar sauti a wurare mafi ƙasa, inda ruwa ke kwanciya, da inda faiba ta lulluɓe ƙarfe, domin a nan danshi ke maƙalewa. A wuraren walda da ke riƙe da kayan ƙafa da inji, a yi gwajin jan ruwa: a wanke, a fesa jan, a jira kamar minti 15, a goge, a fesa farin hoda. Tsaga komai ƙanƙantarta za ta fito da jan layi. Idan walda ta zama dole, a cire batir da kwamfutocin inji gaba ɗaya, a kare faiba da bargon wuta, saboda ƙaron da ke cikinta yana kama wuta da sauri.

Bodin faiba kuwa da kunne ake duba shi. A ɗauki kwabo ana ƙwanƙwasawa a hankali, taƙi bayan taƙi. Wuri mai lafiya yana ba da ƙara mai kaifi, inda shimfiɗun suka rabu kuma ƙarar a dushe take. Tsaga mai kama da tauraro tana nuna an buge wurin daga ciki ko dutse ya same shi. Tsaga a gefen hinjin ƙofa kuma gajiya ce, kuma a mota mai ƙofar sama ita ce ta fi muhimmanci, don rufin ne ke ɗauke da nauyin. Na'urar auna kaurin fenti mai maganaɗisu ba ta aiki a kan faiba, kada a ɓata lokaci da ita. Kada kuma a sa sinadarin cire fenti mai ƙarfi, yana cin saman faibar.

Injin M120 bayan dogon zama

Wanda ya taɓa aiki a kan Mercedes W140 mai silinda 12, wato samfurin 600 SEL, ya riga ya san rabin labarin. Injin yana da bawul 48, bulo na alminiyam, ƙarfin doki 408 a fitowarsa ta farko. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, a tsarinsa na farkon shekarun 1990 kowane gefe mai silinda shida yana da kwamfutar mai tasa, da na'urar wuta tasa, da dilko nasa, da maƙogwaron totur nasa mai aiki da lantarki. Kusan komai biyu-biyu ne, kuma wannan yana taimakawa wajen bincike: idan ana zargin wani abu, sai a musanya na hagu da na dama a ga ko matsalar ta bi shi.

Kada a sa batir tukuna. Wayoyin injin da Mercedes ta yi amfani da su daga wajen 1992 zuwa 1996 suna da rufi da ke ruɓewa da zafi, ya riƙa zuba kamar garin bulo, ya bar tagulla tsirara. Wannan yana faruwa har cikin wayar da ke shiga maƙogwaron totur. A yanka baƙin rufin waje kaɗan a kusa da nozul da kuma bayan inji a duba. In an ga tsaga ko zubewa, a tsaya nan. Wayoyi biyu tsirara da suka taɓa juna suna iya ƙona kwamfuta a daƙiƙa ɗaya, kuma a motar gwaji mai yiwuwa ne an taɓa tsarin kwamfutar don ta yi aiki da giyar hannu, ta yadda wadda za a ciro daga wata mota ba za ta maye gurbinta kai tsaye ba. A shimfiɗa tsohuwar wayar a kan allo, a sa wa kowane reshe lamba, a saƙa sabuwa a kanta da waya mai jure zafi, a zana taswirarta a ajiye cikin rajista.

Sai fetur. Wanda ya shekara a tanki ya riga ya lalace, ya zama danƙo mai wari kamar tsohon fenti. A zuƙe shi duka, a leƙa cikin tankin, a canja filta, famfo da kowane tiyon roba da wanda ke jure fetur mai gaurayen ethanol. Tiyon da ya shekara talatin yana iya yin kyau a ido, ya fashe da zarar matsin ya kai bar 3 zuwa 4 a ma'aunin matsi, kuma a nan fetur ɗin a kan salansa mai zafi zai zuba, a cikin bodin faiba. A cire nozul 12 a kai a wanke su a kan benci, a gwada yawan abin da kowanne ke fesawa.

A zubar da baƙin mai, a yanka tsohuwar filtar a buɗe takardarta a ƙarƙashin fitila. Ƙyalli mai launin tagulla alamar metal ɗin ƙarangshaf ya fara cinyewa ne, gutsattsarin roba mai ruwan ƙasa kuma alamar jagororin sarƙar tayimin sun fara karyewa. Idan an ga na biyun, a buɗe murafun bawul a duba kafin a juya injin. A motar Mercedes injin yana shan kusan lita 10, amma kada a ɗauka haka yake a nan, tunda maƙeri na iya canja kwanon mai ko ƙara masa lagireton mai. A auna abin da ya fito, a mayar da kwatankwacinsa, a tabbatar da sanda.

A hura iska a ramukan fulogi kafin a kwance su, injin yana sanyi. A leƙa kowane silinda da kyamara. Bangon silindan M120 alminiyam ne mai sinadarin silikon, ba shi da hannun riga na ƙarfe, don haka ba a goge shi ko a faɗaɗa shi yadda ake yi wa bulon ƙarfe. Sai shagon da ya san wannan aikin. A zuba kamar mililita 5 na mai mara kauri a kowane silinda, a bar shi ya kwana. Washegari a juya injin da hannu ta notin ƙarangshaf, zagaye biyu cikakku, ta ɓangaren da yake juyawa kawai. Juya shi baya yana sassauta sarƙa. In ya cije a wani wuri, kada a ƙara ƙarfi. Bawul ne mai yiwuwa ya maƙale a buɗe.

Idan ya juya lafiya, a cire wutar famfon fetur, a kashe wutar fulogi ta hanyar cire na'urar da ke karanta juyin ƙarangshaf. Kada a bar wayar kwayil tana lilo a iska ana bugun kik, hakan na iya kashe na'urar wuta, kuma tana da tsada da wuyar samu. A buga kik na daƙiƙa 10, a huta rabin minti, a maimaita har allurar matsin mai ta motsa. A nan ne ya dace a gwada matsin kowane silinda. Bambancin da bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙanta abin karɓa ne, kuma a injin da ya daɗe a zaune lambobin sukan gyaru bayan ya yi zafi sau biyu ko uku. A buɗe murafun dilko biyun a goge danshi, a duba tsaga da koren tsatsa.

Ruwan sanyaya inji a canja shi da rabin ruwa mai tsabta rabin sinadarin da ya dace da alminiyam. A yawancin motoci masu inji a tsakiya bututun ruwa dogaye ne, suna hawa suna sauka, iska tana maƙalewa a ciki. A cika su da na'urar zuƙe iska. Iskar da ta rage tana sa top silinda ya yi zafi alhali allura tana nuna lafiya.

Ranar tayarwa mutum uku ake bukata: ɗaya a kujera, ɗaya a kowane gefen inji, da abin kashe gobara a hannu, murafun inji a buɗe, ƙofar gareji a buɗe. A kunna makulli sau biyu ko uku ba tare da kik ba, a shinshina, a shafa kowace mahaɗar fetur da farar takarda. In ya tashi, kada a taka totur. Matsin mai ya hau cikin daƙiƙa kaɗan, in ba haka ba a kashe. Batir ya nuna tsakanin bolt 13.8 da 14.4. Abu ɗaya da ke yaudarar mutane: wannan injin yana iya tafiya a kan gefe ɗaya kawai ba tare da girgiza mai yawa ba. A auna zafin salansar hagu da ta dama da ma'aunin zafi na nesa a cikin minti na farko. Idan ɗaya tana sanyi, a kashe nan take, domin fetur da bai ƙone ba yana wanke mai daga bangon silinda, yana kuma taruwa a salansa. A bar shi ya kai digiri 80 zuwa 90, a ga fanka ta kama, a kashe, a bar shi ya huce gaba ɗaya, a sake duba ruwa da mai.

Kuloci, birki da ƙafa

Farantin kuloci yakan manne da filawil bayan dogon zama. Dabarar da aka saba, ta tayar da mota cikin giya a fizge ta, ba ta da wuri a nan, saboda filawil ɗaya ne a duniya, kuma haƙoran giya ta shida ba kayan kasuwa ba ne. A bar injin ya yi zafi sosai, a danne kuloci na wasu sa'o'i, a gwada a hankali. In ya ƙi, a sauke giyabos. Tunda an sauke, a auna filawil ta kowace fuska, a zana shi, a rubuta nauyinsa.

Man birki na DOT 4 yana shan danshi daga iska. Sabo yana jure aƙalla digiri 230 kafin ya tafasa, wanda ya sha ruwa kuma yana iya sauka zuwa 155. A canja shi duka, da na kuloci, sannan duk shekara biyu ko motar ta yi tafiya ko ba ta yi ba. Tiyon birki na roba yana kumbura daga ciki ya riƙe taya. A canja su ba tare da muhawara ba. A taya, a karanta lambar shekara: lamba huɗu na ƙarshe mako ne da shekara, lamba uku kuma na nufin an yi ta kafin 2000. Tsofaffin tayoyi a ajiye su don baje koli, a sa sababbi don tafiya.

Commendatore tana da tsarin da aka haɗa da BBS da Bilstein wanda ke sauke motar kusan inci uku idan gudu ya yi yawa, da kuma fiffiken baya mai miƙewa ya taimaka wa birki. Irin waɗannan a gwada su a gareji, mota a tsaye, ana kallon ko kusurwa huɗun suna sauka tare. Kafin a kwance ko noti ɗaya a ƙafa, a auna tsayin kowace kusurwa da saitin tayoyi a rubuta, don babu wani littafi da zai faɗi yadda suke a da.

Tafiyar farko a fili rufaffe ake yinta, ƙasa da kilomita 50 a sa'a, na minti goma, a dawo a taɓa kowane wili a ji zafi, a duba ƙasa. An ƙiyasta wa motar gudun kilomita 340 a sa'a, amma babu dalilin neman tabbatar da hakan da bodin da ba shi da na canji.

Ajiya da jigila

Tun motar tana lafiya, a yi mata hoton ma'auni na kwamfuta mai fuska uku, ciki da waje, musamman gilashin gaba, na ƙofofi da murafun fitilu. Da wannan ne za a iya ƙera sabon madadi idan tsautsayi ya faɗa. A ajiye kwafi biyu a wurare daban.

Ɗakin ajiya ya kasance da danshi tsakanin kashi 40 zuwa 55 cikin ɗari, babu hasken rana kai tsaye. A jona batir da cajar da ke riƙe shi a wajen bolt 12.6 zuwa sama, a ƙara iskar taya kaɗan, a saki birkin hannu a sa waigi. Tayar da inji na minti biyar duk mako ya fi cutarwa a kan amfani, don ruwa ne yake tarawa a cikin mai da salansa. Ko dai a yi tafiyar rabin sa'a har komai ya yi zafi, ko a bar ta. Sandunan gas da ke riƙe ƙofofi suna rauni a hankali. A tokare ƙofa da sanda mai laushin kai duk lokacin da mutum zai yi aiki a ƙarƙashinta, kuma a sa sababbi masu ƙarfi daidai da na asali, domin masu ƙarfi fiye da kima suna tsaga faiba a wurin da aka ɗaure su.

Wajen jigila, rufaffiyar tirela ce kawai, da dogayen katako don rage gangaren hawa saboda haɓar gaba. Ta tayoyi ake ɗaure ta, ba ta kayan ƙafa ko bututun shasi ba. A jawo ta da winci daga wurin da aka tabbatar yana haɗe da shasi, mutum ɗaya yana riƙe da sitiyari. Idan za ta ƙetare iyaka don baje koli ta dawo, takardar ATA Carnet ce ke ba ta damar shiga na ɗan lokaci ba tare da biyan kuɗin fito ba, kuma inshorar ta kasance ta ƙayyadadden farashi da aka amince da shi a rubuce kafin a loda ta.